Darasin Sanin Duniya: Fitowar Rana a Ankor Wat

A ƙasar Kambodiya akwai wani tsohon gini na dutse a tsakiyar kurmi. Sunansa Ankor Wat. Kullum da asuba mutane sukan taru a gabansa, ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Ba kasuwa ce ke ci ba, ba kuma biki ake yi ba. Fitowar rana suke jira. Darasin wannan wata zai bi waɗannan baƙi tun daga tashinsu barci har rana ta take, don a ga abin da suke gani, a kuma ji labarin manoman da suka ciyar da wannan wuri.

INA NE KAMBODIYA?

Kambodiya tana can gabas mai nisa, a nahiyar Asiya, gaba da Indiya. Tana maƙwabtaka da Tailan da Lawos da Biyetnam. Babban birninta shi ne Fanom Fen. Mutanen ƙasar ana kiransu Kemer. Yawancinsu mabiya addinin Buda ne. Akwai kuma Musulmi kaɗan, galibinsu 'yan ƙabilar Cam.

Da yake ƙasar tana gabas, rana takan riga fito musu. Agogonsu yana gaba da na Nijeriya da Nijar da awa 6. Idan ƙarfe 6 na safe ta buga a Kambodiya, a ƙasar Hausa sha biyun dare ne.

Amma yanayinsu ba zai zama baƙo ga manomin ƙasar Hausa ba. A taswira, Ankor yana kusan kan layi ɗaya da Sakkwato da Maraɗi. Daminarsu daga Mayu ce zuwa Oktoba. Raninsu daga Nuwamba zuwa Afrilu. Sai dai ruwan da suke samu ya fi yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa suke da kurmi. Abincinsu shinkafa da kifi. A bakin gonakinsu akwai wata bishiya 'yar'uwar giginya, wadda suke yin sukari da ruwanta.

TASHIN ASUBA

Baƙi sukan kwana a wani gari mai suna Siyem Rif. Tsakaninsa da ginin kamar kilomita 6 ne. Mai son ganin fitowar rana yakan tashi tun wajen ƙarfe 4. Sai ya riƙe tikitinsa. A shekarar 2017 aka sa kuɗin shiga na yini ɗaya dala 37 ga baƙo. 'Yan ƙasa ba sa biyan ko sisi. Abin hawan da aka fi shiga shi ne babur mai jan amalanke mai rufi da kujeru. Direbobinsa tun ƙarfe 4 suna ƙofar masauki.

Ƙarfe 5 ake buɗe wurin. Lokacin duhu ne ƙirin, kowa da tocilarsa. Doka ce a sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa, domin har gobe wurin ibada ne ga masu shi.

Abu na farko da baƙo zai haye shi ne ruwa. An kewaye ginin da ƙaton rami, irin wanda ake haƙawa a bayan ganuwa, amma wannan cike yake da ruwa. Faɗinsa mita 190. Wanda zai zagaye shi zai yi tafiyar fiye da kilomita 5. Mutane ne suka haƙa shi da hannu. Bayan an haye, a shiga ta babbar ƙofa, sai kuma wata doguwar hanya ta dutse mai tsawon mita 350. A gefenta an sassaƙa macizai na dutse masu kai bakwai. A dama da hagu akwai 'yan tafkuna biyu masu bado. A bakinsu jama'a suke tsayawa, musamman na hagu. Masu sayar da shayi da gahawa suna bi suna tallar karin kumallo.

Daga nan sai jira. Da farko ba a ganin komai sai taurari. Can sai gabas ta fara fari. Sai ga hasumiyoyi sun bayyana baƙi wuluk, kamar an zana su da gawayi a jikin sama. Guda biyar ne, huɗu a kusurwa, babba a tsakiya. Kowace an yi ta kamar furen bado da bai buɗe ba. Wanda ya tsaya daidai tsakiyar hanya uku zai gani, don na gaba sun tare na baya. Su ne ukun da ke jikin tutar Kambodiya. Wanda ya ratse zuwa bakin tafki shi ke ganin biyar ɗin duka, ya kuma ga hotonsu a kife a cikin ruwa. Sama takan yi ja, ta koma ruwan goro, sannan ƙwayar rana ta ɓullo ta bayan ginin. Gaba ɗaya abin bai wuce rabin awa ba.

Mai karatu zai iya tambaya, ko bautar rana suke yi? A'a. Yawancin masu tsayuwar nan 'yan yawon buɗe ido ne daga ƙasashe dabam-dabam, masu addinai dabam-dabam. Kallo da ɗaukar hoto ne ya kawo su. Kuma ba kullum ake dacewa ba. Da damina hadari yakan rufe gabas. Mutum ya biya kuɗin jirgi daga wata uwa duniya, ya hana idonsa barci, gari ya waye bai ga rana ba. Sai dai ya sake dawowa gobe.

ME YA SA RANA KE FITOWA TA BAYANSA?

Yawancin gidajen bautar Kemer gabas suke kallo. Ankor Wat shi yamma yake kallo. Don haka mai shigowa ta babbar ƙofa yana fuskantar gabas ne, rana kuma ta fito masa ta bayan hasumiyoyi. Masana sun kawo dalili biyu. Wasu sun ce an gina shi ne don Bishnu, ɗaya daga cikin abubuwan bautar addinin Hindu, wanda ake danganta shi da yamma. Wasu sun ce a al'adarsu yamma alamar mutuwa ce, sarkin da ya gina shi yana son ya zama makwancinsa.

Akwai wani abin lura. Sau biyu a shekara tsawon dare da na yini sukan zo daidai, wato wajen 21 ga Maris da wajen 23 ga Satumba. A waɗannan ranaku, wanda ya tsaya a hanyar yamma zai ga rana ta fito daidai kan tsinin babbar hasumiya. Ba sa'a ba ce. Maginan sun san tafiyar rana, sun kuma iya awo.

WA YA GINA SHI?

Sarki Suryabarman na Biyu ne ya sa aka gina shi. Ya hau gadon sarauta a shekarar 1113, ya rasu wajen 1150. Don a gane daɗewar abin: bisa lissafin littafin Tarihin Kano, Sarki Gijimasu wanda ya fara ginin ganuwar Kano ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Ke nan zamaninsu ɗaya. A harshen Kemer, Ankor na nufin birni, Wat kuma gidan ibada.

Filin wurin ya kai eka 400. Babbar hasumiya tsawonta mita 65 daga ƙasa. Dutse iri biyu aka yi aiki da shi. A harsashi da katangar waje an sa marmara, irin wadda aka sani. A fuska kuma an sa wani dutse mai sauƙin sassaƙa. Shi wannan daga gindin dutsen Kulen aka fasa shi, nisan kamar kilomita 40. An ƙiyasta duwatsun sun kai miliyan 5 ko fiye, wasu nauyinsu ya wuce tan ɗaya. Ba mota, ba siminti. An goge kowane dutse ne har ya zauna daram a kan ɗan'uwansa. Masu bincike sun gano sawun hanyoyin ruwa daga Kulen zuwa Ankor, inda suke ganin ta nan aka riƙa jawo duwatsun.

Idan gari ya waye, rabin jama'a sukan koma masauki cin abinci. Sun yi gaggawa, domin babban aikin yana ciki. Bangayen dogayen zauruka duk sassaƙa ne. Ga shi sarkin a zaune da fadawansa. Ga rundunarsa da giwaye da mashi. Ga wani zane mai tsawon mita 49, inda ɓangare biyu suke jan ƙaton maciji kamar masu jan igiya. Akwai siffofin mata fiye da 1,700, da kitso da ado iri-iri. Matakalar hawa sama kuwa a tsaye take ƙiƙam, sai da aka kafa wata ta katako a kanta don baƙi.

Daga baya mutanen ƙasar suka koma addinin Buda, ginin ma ya koma nasu. Shi ya sa baƙo zai riƙa cin karo da masu ibadarsu, kai a aske, sanye da mayafi ruwan goro.

INDA ITATUWA SUKA HAU GINI

Da hantsi, rana ta fara zafi, sai baƙi su nufi inuwa. Ankor Wat ba shi kaɗai ba ne. Akwai tsofaffin gine-gine da yawa warwatse a cikin kurmin. Wanda ya fi jan hankali shi ne Ta Furom. Sarki Jayabarman na Bakwai ya gina shi a 1186 don tunawa da mahaifiyarsa.

A nan an bar kurmi yadda aka same shi, sai ɗan gyara. Manyan itatuwa masu kama da rimi, da wasu dangin ceɗiya, sun tsiro a kan rufi. Tsuntsu ne ko iska ke yar da iri a tsagar dutse. Irin ya tsiro, saiwa ta bi tsaga tana neman ƙasa, tana kauri shekara da shekaru har ta raba duwatsu. Masu gyara suna cikin tsaka mai wuya. In sun sare itacen, bangon da saiwa ke riƙe da shi ya zube. In sun bar shi, ya ci gaba da fasa bangon.

A Ta Furom an sami wani dogon dutse mai rubutu. Rubutun ya ce mutum fiye da 12,500 ne ke zaune a wurin. Ya ce ƙauyuka 3,140 ne ke kawo abinci da kayan masarufi, da mutane kusan 80,000. Ya kuma ambaci asibitoci 102 a faɗin ƙasar. Gidan bauta ɗaya ke nan. Mai karatu ya auna yawan shinkafar da talakan ƙauye yake kaiwa.

Da ba don rubutu ba, da ba a san wannan lissafi ba. Kemer sun yi rubutu a kan ganyen giginya da fata, amma gara da laima sun cinye waɗannan. Na kan dutse ne ya rage, fiye da guda dubu.

INA GIDAJEN MUTANE?

Baƙo mai lura zai ga gidajen bauta, amma ba zai ga gidan kowa ba. Dalili shi ne, dutse na abin bauta ne kawai. Talaka da katako da ciyawa yake gini. Fadar sarki ma ta katako ce. Duk sun ruɓe.

A shekarar 2012 masu bincike suka yi shawagi da jirgi mai saukar ungulu, ɗauke da wata na'ura mai auna ƙasa ta cikin ganyen itatuwa. Sai ga tituna, ga tudun gidaje, ga kududdufai a jere a ƙarƙashin kurmi. Ashe birni ne mai faɗin gaske, gidaje da gonaki a cakuɗe, ya mamaye fili kusan murabba'in kilomita 1,000. An ƙiyasta a lokacin ƙarfinsa mutum 700,000 zuwa 900,000 ne a ciki.

Me ya ciyar da su? Shinkafa. Ita kuwa shinkafa ruwa take so, ga shi wata shida ana sheƙa ruwa, wata shida ba ɗigo. Sai Kemer suka koyi tare ruwa. Suka karkato da kogunan da ke gangarowa daga dutsen Kulen. Suka haƙa magudanai. Suka ɗaga manyan gaɓoɓi na ƙasa, suka yi tafkunan da suke kira barai. (A lura, b ce marar lanƙwasa, ba ta ɓarawo ba.) Barai na Yamma tsawonsa kilomita 8, faɗinsa kilomita 2. Na Gabas ya ɗan gaza shi. Daga kudu kuma ga babban tafkin Tonle Saf, wanda da damina yakan ninka girmansa sau biyar, ya kawo kifi da laka mai taki.

Masana sun daɗe suna jayayya kan barai. Wasu sun ce don ban ruwa aka yi su, wasu sun ce don addini. Mai yiwuwa duka biyun ne. Abin da ba a jayayya a kai shi ne abinci ya wadata. Wani Basine mai suna Jo Daguwan ya zo da tawagar jakadun Sin a 1296, ya yi kusan shekara. Ya rubuta cewa ana girbi sau uku ko huɗu a shekara, kuma mata ne ke riƙe da ciniki a kasuwa.

Shi ma ramin ruwan da baƙo ya haye da asuba ba ado ba ne kawai. Ankor Wat a kan yashi yake zaune. Yashi mai laima yana da ƙarfi. In ya bushe ya kuma jiƙe, ya sake bushewa, sai ƙasa ta motsa, gini ya tsage. Ramin ne ke riƙe laimar ƙasa daidai rani da damina.

YADDA BIRNIN YA MUTU

Ba a rana ɗaya ya mutu ba, ba kuma abu ɗaya ne ya kashe shi ba. An yi yaƙe-yaƙe. Rundunar Siyam, wato Tailan ta yanzu, ta ci birnin a 1431. Ciniki ya koma ta hanyar teku, manya suka yi ta ƙaura kudu wajen Fanom Fen. Amma akwai dalilin da manomi zai fi kowa ganewa.

Idan aka sare wasu itatuwa, akan ga zobe-zobe a cikin kututture. Kowane zobe shekara ɗaya ne. Shekarar ruwa zoben yakan yi faɗi, shekarar fari ya yi siriri. A 2010 masana suka bayyana abin da suka karanta a jikin tsofaffin itatuwa na ƙasar Biyetnam. Sun ga an yi dogon fari na shekaru masu yawa wajen 1350, aka sake yin wani bayan 1400. A tsakani kuma aka sami damina masu ambaliya.

Fari ya sa tafkuna suka ja baya. Da ambaliya ta zo, sai ta fasa gaɓoɓi, ta cika magudanai da yashi. Kogi ya ci ƙasa ya nutsa, har ya koma ƙasa da bakin magudanan da ya kamata ya shiga. Akwai wata gada da aka gina da duwatsun da aka ciro daga tsofaffin gidajen bauta. Tana nan tsaye har yau a kan busasshiyar ƙasa, kogin ya sake hanya ya bar ta. Aikin ruwan ya yi girman da ƙauye ɗaya ba zai iya gyara shi ba. Yashe magudanai irin waɗannan sai da hannu dubbai da hukuma mai ƙarfi, ga shi manya sun tafi. Sai manoma su ma suka watse, kurmi ya rufe gonaki.

Wasu littattafai sukan ce wani Bafaranshe, Hanri Muho, shi ya gano Ankor Wat a 1860. Wannan magana ba daidai ba ce. Wurin bai taɓa ɓata ga masu shi ba. Masu ibada ba su bar shi ba. Wani malamin Kirista ɗan Fotugal ya zo a 1586. Wani ɗan Jafan ya bar rubutunsa a bango a 1632. Abin da Muho ya yi shi ne ya rubuta labarin, aka buga a Turai.

HALIN DA AKE CIKI

Kambodiya ta sha wuya. Daga 1975 zuwa 1979 gwamnatin Kemer Ruj ta jawo mutuwar mutane miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu. An binne nakiyoyi a dazuzzuka, ɓarayi kuma suka yi ta sare kawunan gumaka suna sayarwa waje. A 1992 hukumar UNESCO ta sa Ankor cikin kayan tarihi na duniya, kuma cikin masu fuskantar haɗari. A 2004 aka cire shi daga jerin masu haɗari. A 2018 baƙi fiye da miliyan biyu da rabi suka sayi tikiti.

Baƙi sun kawo kuɗi, sun kuma kawo matsala. Otal-otal na Siyem Rif suna zuƙar ruwan ƙasa da rijiyoyin burtsatse. Masana sun yi gargaɗi cewa in ruwan ƙasa ya ja baya, yashin da ke ɗauke da gine-ginen zai iya zaftarewa. Sannan a 2022 gwamnati ta fara tayar da iyalai kusan 10,000 daga filin tarihin zuwa sabon matsuguni. Gwamnati ta ce da yardarsu suka tashi. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce a 2023 tilasta musu aka yi. Da yawansu da sana'ar baƙi da 'yan gonakinsu suke ci.

Da azahar zafi yakan kori baƙi zuwa masauki. Wanda ya daure ya ƙarasa yamma kaɗan zai iske Barai na Yamma. Na Gabas ya ƙafe tuntuni, ana noma a cikinsa. Amma na Yamma, bayan shekara kusan dubu, yana riƙe da ruwa. An yi masa ƙofa ta zamani, manoman kudu da shi suna ban ruwan shinkafarsu da rani.

AIKI DOMIN AJI

1. Me ya sa rana ke fitowa ta bayan Ankor Wat?
2. Idan ƙarfe 5 na asuba ta yi a Kambodiya, ƙarfe nawa ne a Nijeriya?
3. Daga 1113 zuwa 1431 shekara nawa ne?
4. Yaya zoben cikin kututture yake nuna shekarar fari?
5. A rubuta jimla uku a kan tafki ko dam ko rijiyar da ƙauyenku ya dogara da ita, da wanda yake yashe ta.